Shanun da Murja Ta Hana Hawa Tirela

Dakta Murja Abdulmajeed ta karanta likitancin dabbobi ne don tana son shanu, amma aikin da ta samu ya zaunar da ita a wani ofis a Garki, inda ba ta ganin dabba sai ta jikin kalanda. Ta yi shekaru tana duba fayil tana halartar taro, har ta fara mance warin garke. Shi ya sa ranar da Alhaji Yamusa ya kira ta ya ce ya buɗe gonar madara a bayan Abaji, yana neman wanda zai riƙe masa lafiyar shanun, ba ta ja masa rai ba. Ta yi shawara da mijinta Farouk, ta ajiye aikin gwamnati, ta sayi takalman roba.

Alhaji Yamusa ba baƙo ba ne a wurinta. Aminin mahaifinta ne, tare suka yi aiki tun suna ƙananan ma'aikata, kuma da mahaifin ya rasu shi ya tsaya mata a aurenta. Baba take ce masa tun tana ƙarama. Ya kai darakta kafin ya yi ritaya, kuma Murja ta lura tun da ya bar kujera wayarsa ta rage ƙara. Mutanen da a da suke cika masa falo sun watse. Shanun ne suka dawo masa da su.

Shanu ne ruwa-biyu, jinin na ƙetare da na gida, baƙi da fari, masu manyan hantsa. Babu bijimi a gonar. Irin bijimi ake kawowa a daskare cikin tulun ƙarfe, idan saniya ta nemi namiji Murja ta ɗura mata da hannunta. Tana kwana a gonar ranakun aiki, ta koma Garki wurin iyalinta ƙarshen mako. Michael, babban mai kula da garken, mutumin Akwanga ne, ya iya shanu kuma ba ya yawan magana. Harkar sayayya da shige da fice kuwa tana hannun Ameer, ɗan Alhaji, wanda yake zuwa daga gari da farar shadda ya tsaya daga nesa don kada kashin shanu ya taɓa shi.

Shekara ta zagayo, maruƙa ba su taka kara sun karya ba. Murja za ta ɗura wa saniya iri, ta jira, ta fara murna, sai wata safiya ta ga saniyar tana hawa 'yar'uwarta tana kuka, alamar babu komai a cikinta. Waɗansu ma sun daina nuna alamar neman namijin gaba ɗaya. Babu wadda ta yi ɓarin da ido zai gani. Ta canza dusa, ta ƙara gishirin lasa, ta gwada jininsu don cututtukan da ke zubar da ciki, ba a samu ko ɗaya ba. Ta mayar da tulun irin aka duba, aka ce lafiyarsa lau.

Abin da ya buɗe mata ido shi ne ranar da ta bi tirela. Alhaji ba ya barin baje kolin noma ya wuce shi. Duk inda aka kafa rumfa a cikin gari aka ce manya za su zo, sai an loda masa mafi kyawun shanunsa an kai. Da ma Murja takan duba su kafin su tafi, ta duba su bayan sun huta, amma ba ta taɓa bin su ba. A ranar ta bi bayan tirelar da motarta tun daga Abaji. Kafin Gwagwalada suka shiga cunkoso, rana ta take, ƙarfen motar ya yi zafi, shanun suna tsaye a matse suna zamewa a kan kashinsu duk lokacin da direba ya taka birki. A filin baje kolin kuma ga janareta, ga lasifika, ga makaɗa, ga mutane suna shafa su suna ɗaukar hoto. Alhaji yana tsaye a gabansu da babbar riga, fuskarsa kamar an ba shi sarauta. Shanun kuwa idanunsu a waje, suna haki, ba wadda ta yi tuƙa. Da aka dawo da su Murja ta ɗebi jininsu nan take ta kai wani ɗakin gwaji. Sakamakon bai ba ta mamaki ba, haushin kanta kawai ta ji da ba ta bi motar tun da wuri ba.

Ta je ta same shi a falonsa, ta gaishe shi, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce a saman ƙodar saniya akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadari mai suna kotisol idan dabba ta firgita ko ta galabaita. Aikinsa ya shirya jiki don gudu. Idan ya yi yawa kuma ya daɗe, sai ya danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙwan saniya, ƙwai ya ƙi fitowa a kan lokaci. Idan kuma an riga an ɗura mata iri, makonnin farko su ne masu hatsari, domin ɗan tayin bai gama kama mahaifa ba. Jini ya ragu a mahaifar, sinadarin da ke riƙe ciki ya yi ƙasa, ɗan tayin ya narke ba wanda ya gani.

Alhaji ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi dariya ya tambaye ta ko yanzu saniya ma tana da damuwa kamar ma'aikacin da ba a biya albashi ba. Ya ce Fulani suna kora shanu daga Sakkwato har Lokoja, suna haihuwa a hanya. Ta ce masa waɗancan da ƙafarsu suke tafiya, a cikin garkensu, suna kiwo suna hutawa, kuma an haife su a cikin rana. Ameer da ke gefe yana latsa waya ya ce ai akwai allurar da ke sa saniya ta nemi namiji dole, a riƙa yi musu kawai. Ta ce allura za ta kawo neman, amma ba za ta riƙe ciki ba.

A ƙarshe Alhaji ya ce, "Na ji, 'yata. Ki yi musu wannan karon. Ba wanda zai taɓa su sai kin ce."

Da wannan alkawarin ta koma. Ta zaɓi shanun da suka fi ƙoshi, ta raba su garke biyu a ƙarƙashin rumfa, ta sa aka gyara fankoki, ta hana ihu da duka a wurin tatsa. Ɗaya bayan ɗaya suka nemi namiji, ɗaya bayan ɗaya ta ɗura musu. Makonni kaɗan suka wuce ba wadda ta dawo da neman. Michael har ya fara murmushi idan sun haɗu da safe.

Wata Alhamis tana shan shayi a ɗakinta na gonar sai ga Michael a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Likita, tirela ya zo. Oga Ameer ya ce a loda duka biyu garken. Ya ce kar a faɗa miki."

Ta ajiye kofin. Ta tambaye shi wane taro ne, ya ce gobe za a buɗe wani babba a gari, an ce baƙi daga ƙasar waje za su zagaya rumfuna. Ta kira Alhaji, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ta ɗauki makullin motarta.

Wurin lodin shanu a gonar gangare ne na siminti da ƙarafa a gefe, hanya ɗaya tak take kaiwa gare shi. Direban tirelar, wani mai suna Elvis, yana ƙoƙarin yin ribas ya daidaita bayan motarsa da gangaren. Murja ta shigo da tsohuwar motarta ta gitta ta a tsakani, ta ja birkin hannu, ta kashe, ta kulle, ta jefa makullin cikin aljihun rigar aikinta. Elvis ya leƙo ta taga ya ce madam ta yi haƙuri ta matsa, shi aiko shi aka yi. Ta ce ta sani, ba da shi take ba. Ya dube ta, ya dubi motar, ya sauko ya je gindin mangwaro ya zauna yana ɓare gyaɗa.

Ameer ya iso da hantsi. Ya fara da lallashi, ya ce kwana biyu ne kawai, za a sa musu ciyawa mai laushi a ƙasa, za a ba su ruwa a hanya. Da ya ga ba ta motsa ba ya koma faɗa. Ya ce ita ma'aikaciya ce, albashi ake biyanta, ba ta da ko kofato a garken nan. Ya ce mahaifinsa ya riga ya gaya wa mutane za su ga shanun, so take ta kunyata dattijo a gaban baƙi? Murja ta jingina da motarta ta bar shi ya gama. Ta ce akwai shanun da ba a ɗura wa komai ba, akwai 'yan maruƙa masu kyau, ya ɗauke su, ita da kanta za ta taya lodi. Ya ce waɗannan ba sa ɗaukar ido. Ta ce to babu.

Ya koma gefe ya yi waya. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce. Hajiya ba ta ko amsa gaisuwa ba. Ta ce wane irin abu take ji haka, mutumin da ya tsaya musu lokacin da kowa ya juya baya, shi za ta tsare wa hanya a gonarsa a kan dabba? Ta ce ta cire motar nan yanzu. Tun da take ba ta taɓa ce wa mahaifiyarta a'a kai tsaye ba. Ta ce, "Hajiya, ki yafe mini. Zan zo in yi miki bayani." Ta kashe wayar ta sa a aljihu tare da makullin.

Alhaji Yamusa ya iso bayan azahar. Ma'aikatan gonar duk sun bar abin da suke yi sun tsaya nesa-nesa. Murja ta tare shi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ta tambayi Hajiyarsa da jikoki. Ya amsa a taƙaice. Ta miƙe ta koma jikin motarta.

Ya ce ya san ya yi mata alkawari, amma wannan taron daban ne, daga shi ba za a sake ba. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce ta kauda motar.

"Baba, gonarka ce, shanunka ne," in ji ta. "In ka ce a janye motar nan, za a janye. Amma ni da hannuna ba zan kauda ta ba. Ka ɗauko ni don su haihu. Cikin yana nan, ƙarami ne ƙwarai, kuma in suka hau motar can yawancinsu za su sauko babu shi. Ba zan taya a yi haka ba, sannan wata mai zuwa a ce likita ba ta iya aiki ba."

"Ni kike gaya wa haka, Murja?"

"Kai ne, Baba. Da wani ne da tuni na tafi na bar masa shanunsa."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya juya ya ce wa Michael ya tara maza su ɗaga motar. Michael ya sunkuyar da kai ya ce bayansa yana ciwo tun jiya, oga ya yi haƙuri. Sauran ma'aikatan suka shiga duban ƙasa. Ameer ya yi tsaki, ya tafi da kansa ya tuƙo tarakta, ya ɗaura sarƙa a gaban motar, farar shaddarsa ta sha baƙin mai. Da ya ja, tayoyin suka yi ƙara a kan tsakuwa, bamba ta ɓalle ta faɗi, motar ta karkace gefe. Hanya ta buɗe.

Murja ba ta tsaya kallon motar ba. Ta san ba za ta iya tsare garke biyu ba. Suna buɗe na farko suna kora shanun zuwa gangaren da sanda, ita ta shige na biyu, ta jawo ƙofar ƙarfen, ta zagaya sarƙar ta ciki ta datse kwaɗo. Ta kife bokiti a tsakiyar shanun ta zauna. Wata mai farin goshi ta matso ta shinshina kafaɗarta. Daga inda take tana jin kukan na garken farko da ƙarar kofatonsu a kan ƙarfen tirela, kuma wannan ne ya fi mata zafi a duk ranar. Ta kafa idonta a ƙasa har aka rufe bayan motar.

Ameer ya zo da abin yanka ƙarfe. Yanke kwaɗon ba wuya, amma bayan an yanke sai an shiga an ɗauke ta, kuma kowa a wurin ya san haka. Matar aure ce, 'yar amininsa ce. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofar, hannayensa a baya. Elvis ya aiko a ce la'asar ta kusa, in ba a tashi yanzu ba shi ba zai shiga gari da shanu cikin cunkoson yamma ba. Alhaji ya ɗaga wa ɗansa hannu, ya ce a bar su, a tafi da waɗanda aka loda.

Kafin ya juya ya ce, "In kin fito, ki tattara kayanki."

"To, Baba."

Ba ta fito ba sai da ƙarar tirelar ta ɓace. Ta ba Michael makullin kwaɗon, ta gaya masa yadda zai ci gaba da abincinsu da abin da zai lura da shi. Farouk ya zo da makanike kafin magariba. Ya zagaya motar, ya ɗauki bambar ya sa a bayan motar, ya tambaye ta ko ta ci abinci. A hanya ne ta yi kuka, shi kuma ya bar ta ta yi.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Aikin gwamnati ta riga ta bari, ba a komawa. Mahaifiyarta ta daɗe tana amsa gaisuwarta da ƙyar. A cikin dangi aka riƙa cewa boko ya hau mata kai. Ta kama ɗan shago a Abaji kusa da kasuwa, ta sa magungunan dabbobi, ta fara zagaya rugage da ƙananan gonaki a bayan mashin ɗin haya. Aikin ya fi wahala, samu ya ragu, amma ba ta taɓa jin ta yi kuskure ba, kuma duk wanda ya kawo mata maganar ta je ta ba da haƙuri takan ce masa ba ta ga laifin da za ta ba da haƙuri a kansa ba.

Michael yakan biyo shagon ranar kasuwa. Shi ya gaya mata shanun da aka kai gari sun dawo a rame, kuma ba a daɗe ba suka fara hawan juna. Ɗaya ce kawai cikinta ya tsaya. Na garken da ta kulle kuwa, wani likita da Ameer ya kawo ya duba su da na'ura, ya ce duk suna da ciki sai guda ɗaya. Murja ta tambayi wacce ce gudan, ya faɗa mata, ta shiga tunanin ko akwai abin da ta rasa gani a jikinta. Alhaji dai bai kira ba. Michael ya ce Alhajin yana gaya wa baƙi cewa na garke na biyu da ma sun fi kyawun jini.

Da Babbar Sallah ta zo, Hajiya ta ce ko me ya faru ba za a fasa gaisuwa ba. Murja ta shirya ta bi ta gidan Alhaji da 'ya'yanta. Falon bai cika ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa wa yaran albarka, aka kawo nama da lemo. Can ya gyara murya ya ce abin da ya wuce ya wuce. Ya ce ta ba Ameer haƙuri a gaban mahaifiyarta, ta koma bakin aikinta bayan Sallah. Hajiya ta dube ta da idon roƙo.

"Baba, in na ɗaga maka murya a ranar, ka yafe mini," in ji Murja. "Motar kuwa, in aka sake kawo tirela ga saniya mai sabon ciki, nan zan sake ajiye ta. Zan dawo in ni ce zan faɗi wadda za ta hau da wadda ba za ta hau ba. In ba haka ba, ina nan a shagona."

Ameer ya tashi ya fita. Alhaji ya ɗauki rimot ya ƙara sautin talabijin, ya zuba wa labarai ido kamar ba a yi magana ba. Hajiya ta yi sallama da sanyin jiki, suka miƙe.

Murja ta kai bakin ƙofa tana sa wa ƙaramar 'yarta takalmi sai ta ji muryarsa, bai juyo ba.

"Michael ya ce mai farin goshin nan ta kusa, kuma ƙugunta ƙarami ne. Ki leƙa ta."

"Zan leƙa ta, Baba. Maganata dai tana nan."

Ranar Litinin ta hau mashin ta je gonar, mai gadi ya buɗe mata ba tare da ya tambayi kowa ba. Saniyar ta haihu a cikin makon, da rana tsaka, ɗan maraƙin ya zo da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, sai da Murja ta zura hannu har kafaɗa ta miƙe ta kafin ya fito. Mace ce. Ta share mata hanci da ciyawa, ta jira har ta miƙe tana rawar ƙafa ta kama nono. Sannan ta wanke hannunta a famfo, ta ce wa Michael ya kira ta in mabiyiya ba ta faɗo ba kafin yamma, ta wuce wata ruga a hanyar Yaba inda ake jiranta da allurar tumaki.